Daga Ramin Riruwai Zuwa Teburin Akawu: Iskar Da Muke Shaƙa A Wurin Aiki



 Batun da muka zo da shi yau, mai yiwuwa waɗansu su ga bai kai a tara jama'a dominsa ba. Ɗalibi in ya kusa gama karatu, hankalinsa yana kan takardar ɗaukar aiki ne, da matakin albashi, da garin da za a tura shi. Da wuya ka ji wanda aka kira ganawar ɗaukar aiki ya tambaya ko ofishin da za a zaunar da shi yana da taga. Amma bari mu yi ɗan lissafi. Baligi yakan sha ruwa lita 2 ko 3 a rana, alhali kuwa iskar da ke shiga huhunsa a rana guda ta fi lita 10,000. Abinci muna duba shi kafin mu ci, ruwa muna tace shi kafin mu sha, iska kuwa wadda muka tarar ita muke shaƙa, ko mun so ko mun ƙi. Wanda ya shiga aikin Gwamnati yana iya yin shekara 35 kafin ya yi ritaya, kullum awa takwas a cikin ɗaki guda. Ashe kuwa iskar wannan ɗaki ta cancanci a yi maganarta.

Abin da muke so mu bar muku a yau abu ɗaya ne. Iska mai kyau a wurin aiki ba ta zuwa da kanta. Sai an tanade ta, an auna ta, an kuma ɗora wa wani alhakinta. Masu haƙar ma'adinai sun san haka tun da daɗewa, don kuwa da rayukansu suka sayi wannan ilmi. Mu ma'abuta biro da takarda ne muka makara. Saboda haka za mu fara da rami, sa'an nan mu hau ofis, kuma ramin da za mu fara da shi na gida ne.

RIRUWAI DA KUZARTA

Wanda ya bar birnin Kano ya nufi Jos, ya ratsa ƙasar Bebeji da Kiru, ya wuce Tudun Wada, ya keta dajin Falgore, zai iske kansa a ƙasar Doguwa, inda Jihar Kano ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi. A nan duwatsun Riruwai suke. Masana ilmin ƙasa sun ce ragowar wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya mutu fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce, ya bar ma'adinai iri-iri a cikinsa.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai sun iya aikin kuza. Sukan wanke yashin rafuka su fid da ita, su narke ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su ɗauka su kai kasuwanni na kusa da na nesa. Irin waɗannan tsinkaye ne suka faɗa hannun Turawan Kamfanin Neja, har a 1902 suka tura mutanensu neman asalinsu, daga nan kuma haƙar kuza ta Turawa a kan tudun Jos ta samo tushe. Galibin kuzar da aka haƙa a Nijeriya a fili aka haƙe ta, watau a yaye ƙasa a wanke, ma'aikaci yana ganin rana a bisa kansa. Riruwai ta bambanta. Ban da kuzar rafuka, akwai wata jijiya a cikin dutsen kansa, tsawonta kimanin kilomita 5 daga gabas zuwa yamma, tana ɗauke da kuza da tutiya. Wannan ba a samunta sai an shiga ƙarƙashin ƙasa. A shekarun 1970, bayan an kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya a 1972, aka fasa rami aka bi wannan jijiya. Aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da kasuwar kuza ta duniya ta durƙushe, musamman daga watan Oktoba na 1985. Bayan manyan injuna sun yi shiru, masu haƙa da hannu sun ci gaba da neman abincinsu a yankin.

To, mene ne ke cikin iskar rami? Abokan gaba uku ne, kuma yana da kyau mu san su da sunayensu, don za mu sake gamuwa da danginsu a ofis.

Na farko ƙura. Dutse irin na Riruwai cike yake da ƙanƙarar dutse, wadda masana ke kira silika. In aka huda shi a bushe ko aka fasa shi da nakiya, sai ya saki ƙura mai laushin da ido ba ya ganinta. Hanci yana tare manyan ƙwayoyi, amma waɗannan ƙanana sukan wuce har can ƙarshen huhu su zauna. Jiki ya yi ta fama da su ya kasa narke su, sai wurin ya yi tabo, huhu ya ƙandare, numfashi ya yi ta raguwa shekara da shekaru. Wannan cuta ba ta warkewa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. A Afirka ta Kudu, sai a 2019 kotu ta amince da sulhun da ya sa kamfanonin haƙar zinariya guda shida suka ware rand biliyan 5 don biyan diyya ga mahaƙan da wannan ƙura da tarin fuka suka nakasa, bayan da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Na biyu iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ke fitowa duk inda wani abu ya ƙone bai ƙone sosai ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. A shekarun 1890 wani masani ɗan ƙasar Sikotlan, John Scott Haldane, ya binciki gawawwakin mahaƙan kwal da suka mutu bayan fashewar rami, ya gano cewa yawancinsu ba wuta ce ta kashe su ba, wannan iska ce. Shi ya ba da shawarar a riƙa shiga rami da ƙaramar dabba ko tsuntsu, don su sukan jigata kafin mutum. Mahaƙan Ingila sun yi ta shiga rami da kanari a keji har zuwa 1986, lokacin da na'urorin awo suka maye gurbinsa.

Na uku iskar radon. Tana fitowa ne daga ruɓewar ma'adinin yuraniyom da ke cikin duwatsu, ita ma ba a ganinta ba a jin warinta. A garin Schneeberg na Jamus, tun ƙarni na 16 aka lura mahaƙa suna mutuwa da ƙuruciyarsu da wani ciwon ƙirji. A 1879 likitoci biyu suka tabbatar cewa sankarar huhu ce, daga baya kuma aka gane radon ce sanadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, in aka ɗebe shan taba, radon na cikin manyan abubuwan da ke jawo sankarar huhu. Abin lura a gare mu shi ne, tun farkon shekarun 1950 masu binciken ƙasa suka nuna cewa dutsen kwarin Kaffo, a cikin duwatsun Riruwai, yana da ma'adini mai ɗauke da yuraniyom.

Saboda waɗannan uku, injiniyan rami ba ya barin iska ga sa'a. Kafin a yi maganar fid da ma'adini, sai ya tsara ta inda iska za ta shiga da ta inda za ta fita. Ya kafa manyan fankoki masu tura ta har ƙuryar da ake aiki. Ya sa a riƙa huda dutse da ruwa don ƙura ta kwanta. In an tashi nakiya, ba mai komawa sai hayaƙi ya fice. Akwai kuma jami'in da aikinsa ke nan, ya zagaya yana awo yana rubutawa. In fanka ta tsaya, aiki ya tsaya, kowa ya fito. Ku riƙe wannan ƙa'ida, za mu koma kanta.

Ƙurar ma'adini kuma ba ta tsayawa a bakin rami. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, mutane suka riƙa kawo duwatsun zinariya gida suna dakawa suna niƙawa, ba su san akwai dalma a ciki ba. Ƙurar ta bazu a ɗakuna da tsakar gida, yara fiye da 400 suka rasu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk inda ake haƙa da hannu, har da ƙasar Doguwa, wannan gargaɗi ya shafe su.

DAGA RAMI ZUWA OFIS

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da rami, ai a kan kujera za mu zauna? Wannan tambaya an daɗe da amsa ta. A 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majinyaci irin aikin da yake yi. Ya fara da mahaƙa, amma da ya sake buga littafin a 1713, sai ya ƙara har da magatakarda da masu aikin rubutu. Tun a lokacin ya gane cewa zama ma yana da nasa ciwo.

Abin da ya mayar da ofis ɗan'uwan rami kuwa ya faru ne a zamanin iyayenmu. A 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo. Ƙasashen Turai da Amurka, masu kashe kuɗi da yawa wajen ɗumama gine-gine da sanyaya su, sai suka toshe duk wata kafa, suka rage yawan iskar waje da ake shigarwa. Ba a daɗe ba ma'aikata suka fara kukan ciwon kai, da ƙaiƙayin ido, da bushewar maƙogwaro, da kasala, waɗanda kan tafi in mutum ya bar ginin, su dawo in ya koma. A 1984 wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa har kashi 30 cikin 100 na sababbin gine-gine da waɗanda aka sabunta suna iya jawo irin wannan koke. Kafin nan ma, a watan Yuli na 1976, tsofaffin sojojin Amurka sun yi taro a wani otal a birnin Filadelfiya, mutum 182 suka kamu da ciwon huhu, 29 suka mutu. A farkon 1977 aka gano ƙwayar cutar, irin wadda ke hayayyafa a ruwan manyan na'urorin sanyaya gini in ba a tsabtace su.

Abin mamaki shi ne, tsadar man da ta sa Turawa suka rufe tagoginsu, ita ce ta cika baitulmalinmu. Zamanin ke nan na ƙarin albashin Udoji, da manyan kwangiloli, da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 wanda ya haifar da sakatariya a garuruwa da yawa. Muka ga gidan gilashi ya yi kyau a hoto, muka kwaikwaya. Amma gidan gilashi an zana shi ne bisa sharaɗin cewa wutar lantarki ba za ta ɗauke ba, injunan iska ba za su tsaya ba, kuma akwai mai gyara su. Mun ɗauko ginin, mun baro sharaɗin. Kakanninmu sun yi gini da tubali, bango mai kauri da ke hana zafi shiga, rufi mai tsawo, ƙananan tagogi a sama inda iska mai zafi ke fita, ga zaure ga rumfa ga inuwar itace inda ake yin yawancin harkokin rana. Ba cewa muke yi ɗakin gargajiya ba shi da aibu ba, don hayaƙin icce a ɗakin girki babbar annoba ce, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020. Amma dai maginin gargajiya ya yi gininsa ne da sanin rana da iskar ƙasarsa.

ABIN DA KE CIKIN ISKAR OFIS

Bari mu shiga wani ofis, ba sai mun kama suna ba, don kowa ya san irinsa, ko a babban birni ko a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ɗaki ne mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, bisa mita 3, akawu shida a ciki. An rufe taga, an saki labule, an kunna na'urar sanyaya ɗaki. Kowane mutum a zaune yakan fitar da iskar kabon dayoksaid wajen lita 18 a awa guda. A waje, wannan iska ba ta wuce kimanin kashi 420 cikin miliyan ba. Tun 1858 wani masani Bajamushe, Max von Pettenkofer, ya ce in ta haura kashi 1,000 cikin miliyan a ɗaki, alama ce iskar ɗakin ta tsufa. In kuka yi lissafi, ɗakin nan namu, in da a toshe yake ruf, bai kai rabin awa zai wuce wannan iyaka. Ko da iska na ɗan kurɗawa ta ƙarƙashin ƙofa, kafin azahar kowa yana shaƙar abin da ɗan'uwansa ya fitar ne. Sai hamma, sai nauyin kai, sai a karanta fayil sau uku ba a gane ba. Mai gida ya leƙo ya ce ma'aikatan zamani ragwaye ne.

A nan akwai kuskuren fahimta da ya kamata mu gyara. Na'urar sanyaya ɗaki irin wadda ake maƙalawa a bango ba ta shigo da iskar waje. Ta ɗakin take zuƙa, ta sanyaya, ta mayar. Sanyi daban, tsabta daban. In a cikin mutum shidan nan akwai mai tarin fuka wanda bai fara shan magani ba, ƙwayoyin cutar sukan yi awoyi suna yawo a iskar ɗakin, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan cuta a duniya. Annobar korona ta 2020 ta koya wa duniya wannan darasi a kan tilas, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2021 cewa a wuraren taruwar jama'a a samar wa kowane mutum iskar waje lita 10 a daƙiƙa guda.

Sa'an nan ga janareta. Da an ɗauke wuta sai a tayar da shi, kuma saboda tsoron ɓarayi, ko don waya ba ta da tsawo, sai a ajiye shi a baranda, ko ƙarƙashin matakala, ko daidai bayan taga. Abin da ke fita daga bututunsa shi ne dai abin nan da ya kashe mahaƙan da Haldane ya bincika. Kabon monoksaid tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya, don haka kaɗan ma ta isa. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da mutuwar jiki, watau daidai abin da mukan kira zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Mutum ya je kemis ya sayi magani, gobe ya dawo ya zauna a kujerar da ta sa shi ciwon. Sau nawa muka ji labarin iyali guda sun kwanta da janareta a cikin gida, gari ya waye ba wanda ya tashi? Abin da ya yi musu a dare ɗaya shi yake yi wa ma'aikaci kaɗan-kaɗan.

Ƙura ma ba ta bar mu ba. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shiga ko'ina, ta kwanta a kafet da labule da tulin tsofaffin fayiloli. Da safe mai shara ya zo da busasshiyar tsintsiya ya tayar da ita, masu asma su fara tari. Yawancin gine-ginen Gwamnati na shekarun 1960 zuwa 1980 kuma an yi musu silin ko rufi da allon asbestos. Muddin yana nan lafiya lau haɗarinsa kaɗan ne, amma in ya farfashe, ko kafinta ya yanka shi da zarto, zaren da ke tashi yakan maƙale a huhu, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye, lokacin da mutum ya riga ya yi ritaya ba wanda zai danganta ta da ofis. Da damina, musamman a kudancin Kano inda ruwa ya fi yawa, rufi ya yi yoyo, bango ya jiƙe, fumfuna ta tsiro. Ƙara da sabon fenti, da maganin sauro da ake fesawa a rufe ɗaki, da hayaƙin taba, duk da cewa dokar ƙasa ta 2015 ta taƙaita shan taba a wuraren aiki da na taruwar jama'a. Radon ma tana iya shigowa ta tsagar daɓe ta taru a rufaffen ɗaki na ƙasa. Gini da ke kan dutse irin na Riruwai ya cancanci a auna shi, don awo ne kaɗai ke nuna ko akwai ta ko babu.

WA YA FI SHAN WAHALA?

Iska ma tana bin muƙami. Babban ma'aikaci yana da ɗaki shi kaɗai, mai taga biyu. Akawu da mai buga takardu an cusa su su takwas a ɗaki guda. Mai kula da fayiloli yana wata ƙurya da asalinta sito ce. Masinja da maigadi suna zaune a baranda, kusa da janareta. Mai shara ita ke shaƙar ƙurar kowa. Waɗanda albashinsu ya fi ƙanƙanta su ne suka fi shaƙar muguwar iska, su ne kuma ba su da kuɗin asibiti, ba su da bakin yin magana. Ga kuma talakawan da ke zuwa neman biyan bukata, tsofaffi masu bin fansho da mata masu goyo, waɗanda kan yi layi na awoyi a lungun da ba taga.

Ba a rasa doka ba. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 17, ya ɗora wa Gwamnati kula da lafiya da amincin duk mai aiki. Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi maganar shigar iska, da cunkoso, da fid da ƙura da hayaƙi, sai dai masana'antu ta nufa, ofishin akawu bai shiga ma'anarta ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa ma'aikatan Gwamnati da na kamfanoni, ta kuma haɗa da cutar da aka samu ta dalilin aiki. A duniya kuwa, tun 1964 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya musamman a kan tsabtar ofisoshi da kantuna, a 2022 kuma ta sa lafiyar wurin aiki cikin muhimman haƙƙoƙin ma'aikaci. Amma diyya ba ta mayar da huhu. Rigakafi ya fi magani.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mun san abin da waɗansu za su ce: ƙasar da ake kukan albashi da ruwan sha, wa zai saurari maganar taga? Wasu kuma su ce, in mun buɗe taga a watan Afrilu zafi ya kashe mu, in mun buɗe a Janairu ƙura ta cika mu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba kuma za mu ce akwai hanyar da ba ta da tsada ko kaɗan ba. Amma galibin abin da ake bukata tunani ne da kulawa, ba kuɗi ba.

Na farko, tun ran gini tun ran zane. A cikinku akwai masu karatun zanen gine-gine, da injiniyoyi, da waɗanda gobe za su sa hannu a takardar kwangila. Kada ku amince da zanen ofis sai kun tambaya: in an ɗauke wuta, ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita? A yi tagogi a bango biyu masu fuskantar juna, waɗanda ake iya buɗewa. A yi baranda mai inuwa, a dasa itatuwa, a ware wa janareta ɗakinsa tun a takarda.

Na biyu, janareta ya yi nisa da kowace ƙofa ko taga da aƙalla mita 6, bututunsa kuma ya ba gini baya. Kuɗin ƙarin waya bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Inda hali ya yi, a koma wa wutar hasken rana.

Na uku, ɗakin da ke da na'urar sanyi a riƙa buɗe shi da sassafe kafin rana ta yi zafi, da lokacin hutun salla, ko a sa ƙaramar fanka mai fid da iska a bango. A riƙa wanke matatar na'urar. Da hunturu a yi shara da jiƙaƙƙen tsumma, a rage kafet. Fenti da feshi a yi su ranar Juma'a bayan an tashi, a bar tagogi a buɗe. Tsohon silin da ya fashe kada a bar kowa ya taɓa shi a bushe.

Na huɗu, a auna. Na'urar da ke ƙara in ta ji kabon monoksaid, da wadda ke nuna yawan kabon dayoksaid, ba su fi tafin hannu ba, kuma ana samunsu a kasuwa. Su ne kanarinmu na yau. Ɗalibanmu na kimiyya da na kiwon lafiya da ke neman batun kundin kammala karatu, ga fage a buɗe: ku je Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ku auna iskar ofisoshi da azuzuwa da ɗakunan shan magani, ku je Riruwai ku auna ƙura da radon, ku kawo alƙaluman da za a ajiye a gaban hukuma.

Na biyar, kuma shi ne mafi muhimmanci, a ɗora wa wani alhaki. Abin da aka ce na kowa ne, ba na kowa ba ne. Kowace ma'aikata ta naɗa jami'i guda da za a tambaya, kamar yadda ake yi a rami. Duba-gari, da muka sani da leƙa randa da kwata, a ba su dama su leƙa ofis ma. Ƙungiyoyin ƙwadago in sun zauna da Gwamnati, su sa wannan batu a jerin bukatunsu. Likitocinmu na gobe kuma, in mutum ya zo muku da ciwon kai da ba ya jin magani, ku tambaye shi inda yake aiki, da ko yakan ji sauƙi ranar Asabar da Lahadi.

'Yan'uwa, ƙa'idar rami ita ce in fanka ta tsaya aiki ya tsaya, don an yarda ran mahaƙi ya fi kuza daraja. Ba mu ga dalilin da zai sa ran akawu da na masinja su kasa fayil daraja ba. Nan da shekara goma ko ashirin, waɗansu da ke zaune a wannan zaure za su zama daraktoci da manyan sakatarori, su ne za su raba ɗakuna, su ne za su ce ga inda za a ajiye janareta. Ranar da aka ba ku mabuɗin babban ofis, ku taka ku je ku ga inda aka zaunar da na ƙasa da ku, ku tsaya minti goma a wurin kuna numfashi, sa'an nan ku yanke hukunci. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ita.